Ɗan Farin Inna Batulu

Litinin, 6 ga Fabrairu, 2023

Oga ya ajiye min fayil a tebur ya ce, "Barista Zakiyya, ke ce 'yar Bagudo, wannan naki ne." Haka yake yi kullum. Shari'ar da ta riga ta mutu a kotun farko, wadda kowa a ofishin nan ya kauda kai daga gare ta, ita ce ke tuna masa garinmu. Da ta banki ce ko ta kamfanin taki, da bai tuna inda aka haife ni ba.

Rigimar gona ce a fadamar Kende. Mai ƙara wani Bafulatani ne, Abdulrashid Gidaɗo. Ubansa ya rasu, sai ƙanen uban, Ɗanmusa, ya sayar da gonar ga wani ɗan kasuwa, Mista Ademola, a kan wai marigayin bai bar ɗa ba. Wai shi Abdulrashid ɗan riƙo ne da ya faɗo daga ƙetaren iyaka, ɓangaren Benin. Ya kai ƙara, ya sha kaye, yanzu an ɗaukaka. Ban buɗe kundin shari'ar ba tukuna, kaurinsa ya kai filo.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Na karanta. Sai da na ajiye na fita baranda na sha iska.

Uwarsa ce ta kayar da shi. Shi ya kawo ta shaida da hannunsa, wata tsohuwa Batulu, don ta ce mijinta ne ya sare gonar. Ta faɗi wannan lafiya lau. Sai lauyar ɗaya ɓangaren ta tashi. An rubuta da Turanci, amma ina jin yadda aka yi ta da Hausa kamar ina wurin.

Wannan da ke zaune, ɗanki ne? Shaida ta yi shiru. An maimaita. Shaida ta ce, "Na Goggo ne." Ke kika haife shi? Shaida ta ce, "Ni ban sani ba." Mene ne sunansa? Shaida ba ta amsa ba.

Sannan aka dawo da shi aka tambaye shi me yake kiran matar, ya ce Adda, wato yaya da Fulatanci. Shi ke nan. Alƙali ya rubuta cewa shaidar mai ƙara da bakinta ta nesanta kanta da shi.

Kunyar ɗan fari ce, ko yaron goye a Bagudo ya san wannan. Lauyansu na farko baƙo ne, bai san abin ba, bai ko tashi ya gyara ba. Shi na yafe masa. Wadda ban yafe wa ba ita ce mai tambayar, don na ga sunanta a ƙasan shafi. Dupe. Dupe da muka yi firamare aji ɗaya, wadda shagon mamanta ke bakin tasha, matan Fulani na sauke ƙwaryar nono a ƙofarsu kullum safiya. Ta sani sarai.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Na je Kende. Hanya ta ci min baya.

Abdulrashid mutum ne dogo, ya haura arba'in, maganarsa ƙasa-ƙasa. Ya nuna min gonar daga nesa, don ma'aikatan Ademola na ciki suna dashen shinkafar rani. Shi yanzu ƙwadago yake yi a gonakin mutane, wani lokaci ya ƙetara iyaka ya yi a can. Ya ce da aka yaye shi aka kai shi wurin yayar ubansa a ƙetare, ita ce Goggon. Can ya girma, can aka yi masa takardu, sai da ubansa ya tsufa ya dawo. Ba su da wani ɗa, duk waɗanda aka haifa bayansa ba su tsaya ba.

Tsohuwar ta karɓe ni hannu biyu, ta dama min fura. Ƙanƙanuwa ce, idonta tar. Muka yi hira a kan shanu, a kan ambaliyar bara, har ta san kakata. Ina cewa, "Inna, maganar ɗanki ta kawo ni," sai ta ja mayafi ta duba gefe, ta ce, "Ɗiyata, sha hura, ta yi sanyi."

Shi kuma tun da na zauna ya koma bayan bukka ya tsaya. Ba sa haɗa ido. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, gona ɗaya za a raba su da ita, amma kowa na kallon wani wuri.

Talata, 14 ga Maris

Na yi kiciɓis da Dupe a harabar kotu. Ta rungume ni, ta tambayi Mama, ta ce na rame. Na ce shari'ar Kende ta dawo hannuna. Ta yi dariya ta ce, "Ashe ke anka ba gawar."

Na ce, "Kin san abin da kika yi."

"Mi na yi, Zaki? Tambaya na yi. Ban sa mata magana a baki ba."

Na ce ta san tsohuwar ba za ta iya amsawa ba. Ta ce lauyansu yana zaune, da ya tashi ya gyara. Ta ce mutuminta ya sayi gona da zuciya ɗaya, ya zuba injin ban-ruwa, shi ma yana da iyali, kuma aikinta ta tsaya masa. "Da ke ce a wurina, da kin bar tambayar?"

Na ce da na bari. Ƙarya na yi, kuma ta gane. Abin da ya fi ɓata min rai ke nan duk yinin.

Talata, 4 ga Afrilu

Azumi a baki na koma Kende da takardar rantsuwa. Dabarata ita ce in roƙi kotun ɗaukaka ƙara ta karɓi sabuwar shaida. Layi biyu ne kacal: ni Batulu, ni na haifi Abdulrashid, ubansa Gidaɗo. Ba sai ta buɗe baki ba, a kai ta gaban mai rantsarwa ta dangwala yatsa, a wuce wurin.

Ta ce in karanta mata. Na karanta. Ina isowa sunan ta tashi ta ce za ta duba maruƙa. Na bi ta. Na ce Inna, babu kowa, daga ni sai ke. Ta ce, "Allah shina nan." Na ce ai Allah Ya san ke kika haife shi. Ta ce, "To tun da Ya sani, mi za ni ƙara mai?"

Na yi lallashi, na yi wasa, na yi barazana. Na ce gonar za ta tafi har abada. Ta ce, "Kowa ya san abin da kike son in hwaɗi. Mai gari ya sani, liman ya sani, shi Ɗanmusan da hannunai ya riƙe ragon suna. Don mi sai ni?"

Don ke kika ce ba ki sani ba a gaban alƙali, shi ya sa sai ke. Ban faɗa mata haka ba, na haɗiye, na dawo da takardata fara fat.

Laraba, 5 ga Afrilu

Shekarun da na yi ina karatun lauya, ashe don in bi tsohuwa cikin garke ina roƙonta ta yarda ta haihu.

Laraba, 17 ga Mayu

Na shigar da rubutacciyar hujjarmu. Na haƙura da sabuwar shaida, dama Oga ya ce ko ta dangwala ba za a karɓa ba, tun da tana nan a shari'ar farko, ba ɓoye take ba. Ya yi gaskiya, kuma na ji haushin gaskiyar tasa.

Abin da mutane ba sa ganewa game da ɗaukaka ƙara ke nan. Abdulrashid ya kira ni jiya yana tambaya ko ya zo da mai gari da liman da dattawan ruga, mota guda. Na ce ba a sauraron kowa a can. Alƙalai uku ne za su zauna su karanta abin da aka rubuta a kotun farko, abin da ba ya cikin kundi kuwa kamar bai taɓa faruwa ba. Ya ce, "To ƙaƙa za su san ni?" Na ce ba za su san ka ba, takarda za su sani.

Abin da na rataya a kai: mai gari ya shaida a kundin cewa ɗan Gidaɗo ne, alƙali bai auna maganarsa ba, ya tsallake ta ya kama shirun tsohuwa. Sannan "ban sani ba" ba "a'a" ba ce. Igiya ce siririya, amma ita ke gare ni.

Talata, 20 ga Yuni

Na kwana biyu a gida Bagudo. Ina ta yi wa Mama mitar tsohuwar nan. Ni auta ce, sunana kam Mama ta kira shi har maƙwabta sun haddace, amma Yaya Bashira, 'yar farinta, har yau "waccan ta Jega" ce a bakinta. Na ce, "Mama, yanzu da za a ƙwace gidan nan, a ce sai kin tsaya gaban alƙali kin ce ke kika haifi Yaya, ai za ki faɗa ko?"

Ta ce in duba mata ko wake ya nuna.

Na ce Mama, tambaya na yi. Ta ce ni dai ban da kunya tun ina ƙarama, shi ya sa na dace da aikin da nake yi. Aka bar maganar a nan.

Talata, 10 ga Oktoba

Sakkwato, kotun ɗaukaka ƙara. Wata da watanni ina shiri, abin da aka ba ni in yi magana bai kai a sha shayi ba. Haka ake yi, an riga an karanta komai, kai dai ka tashi ka ce ka tsaya a kan abin da ka rubuta.

Ɗaya daga cikin alƙalan ya tambaye ni ko akwai inda aka kawo shaidar wannan al'ada a kotun farko. Na ce babu, ya Mai Shari'a. Ya ce to daga ina kike so mu ɗauko ta? Na so in ce daga gidanku, don daga jin sunansa na san an yi masa ko ya ga an yi. Na ce dai shirun shaida ba musu ba ne, kuma akwai maganar mai gari da ba a taɓa ba. Ya rubuta wani abu.

Dupe ta yi kyau, ba ta ɓata kalma ko ɗaya ba. Mun ci abinci tare bayan an tashi, ba mu taɓo Kende ba. Ta biya, na bar ta.

Juma'a, 8 ga Disamba

An yanke. An soke hukuncin farko, amma ba a ba mu gonar ba. A koma a sake shari'ar daga tushe, gaban wani alƙali.

A ofis ana ta yi min barka, har Oga ya ce in ci gaba da riƙe ta a kotun farko. Ni kuwa ban ga abin barka ba. Sake shari'a na nufin sake akwatin shaida, sake Dupe, sake tambayar nan. Na yi wata goma ina tura mota, ta tashi, ta dawo da ni inda na fara.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Abdulrashid ya zo ofis da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi kujera mai hannu, ya zauna a benci. Ya ce, "Barista, in dai sai Adda ta sake tsayawa gaban mutane an tambaye ta wanga abu, a bar gonar."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce ranar shari'ar farko da suka koma gida ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ya ce shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba tun da yake, kuma bai taɓa jin an rage shi da komai ba. In ya yi zazzaɓi, ita ke aiko da magani ta hannun wani, ta ce a ba wancan. "Ni na san ko ni wane ne. Ƙwadago ba ya kashe mutum."

Na yi masa faɗa, har sakatariya ta leƙo. Na ce ba gona kaɗai aka ƙwace maka ba, an rubuta a takardar hukuma cewa kai ba ɗan ubanka ba ne, kuma 'ya'yanka za su gaji wannan. Na ce mai gari kaɗai ba zai isa ba, don Dupe za ta ce ina uwar, me ya hana a kawo ta. Ya saurare ni har na gaji. Ya ce zai yi shawara. Fulako dai, ko faɗa ba za a taya ka ba.

Talata, 5 ga Maris

Dupe ce ta kira ni. Ta ce ta ji a bakin mutanen kasuwar Lolo cewa tsohuwar ba ta da lafiya, ƙafafunta sun kumbura. Na ce to, sai me? Ta ce, "Zaki, kin san doka kamar yadda na sani. In ta rasu ba ta sake shaida ba, zan miƙa wa kotu maganarta ta farko, kuma za a karɓa. Ba zan ɓoye miki ba, zan yi."

Na ce na gode da gargaɗi. Na kashe wayar na zage ta ni kaɗai a mota. Amma ba dole ba ne ta kira, na san wannan.

Asabar, 9 ga Maris

Kende. Ta rame ƙwarai, tana kwance a tabarma a inuwar bukka. Na sa Abdulrashid ya tafi, na zauna kusa da kanta. Yau ban sha fura ba, ban tambayi shanu ba.

Na ce, "Inna, zan faɗa miki magana mara daɗi. In kika mutu yau, maganar ƙarshe da duniya ta rubuta daga bakinki ita ce ba ki san shi ba. Za a karanta ta a kotu bayan an binne ki, kuma ba mai iya gogewa, ko ni, ko mai gari, ko liman. Da ita za a kore shi, da ita za a kira 'ya'yansa baƙi."

Ban taɓa yi wa babba magana irin wannan ba. Ta rufe ido. Can ta ce, "Wa ya raine ki?" Na faɗi sunan Mama. Ta ce, "Ki gaishe ta." Ta juya min baya.

Lahadi, 10 ga Maris

Ban yi nadama ba. Wani ya kamata ya faɗa.

Alhamis, 21 ga Maris

Tun da ba za ta dangwala wa rubutacciyar shaida ba, hanya ɗaya ta rage, kotu ta kira ta da kanta ta yi magana da baki. Na nemi sammaci, an bayar, an kai mata jiya har ruga. Na aika wa uwar wanda nake karewa sammaci, cikin azumi, tana jinya. Abdulrashid ya daina ɗaukar wayata. Mama ta ji labari, ban san ta ina ba, ta ce kada in sake in ce a Kende ni 'yarta ce.

Oga ya ce dabara ce mai kyau. Yabonsa bai taɓa yi min ɗaci kamar yau ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Gobe ne. Ban san ko za su zo ba. Na guge rigata, na rubuta tambayar, na soke, na sake rubutawa. Ba ta da wata siga mai laushi, na nema na rasa.

Talata, 14 ga Mayu

Sun zo. A bayan a-kori-kura aka kawo ta, mata biyu na riƙe da ita. Abdulrashid ya gaishe ni kamar bai san ni ba. Alƙali ya ga halinta ya ce a ba ta kujera a akwatin shaida.

Na fara da masu sauƙi. Sunanta, sunan mijinta ma sai da tafintan kotu ya taimaka, ta ce "mai gidan" kawai, na bar shi haka tun da ba a musun auren. Gonar, wa ya sare ta, me ake shukawa. Tana amsawa a hankali.

Da na juya shafi, sai na ji motsi a bayana. Abdulrashid ne ya tashi, ya rusuna wa alƙali, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Ba wanda ya ce masa ya fita. Ita ba ta dube shi ba, amma na ga ta bi ƙarar ƙofar da kunne.

Na ce, "Inna, mutumin da ya fita yanzu, mene ne tsakaninki da shi?"

Shiru. Fanka na juyawa, wani na tari a baya. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta juya ta fuskanci bango, har alƙali ya ɗaga kai zai yi magana, na roƙe shi da ido. Na riga na fara tunanin abin da zan gaya wa Oga.

Sai ta yi magana da Fulatanci, ƙasa-ƙasa, ga bango. Tafinta ya matsa ya kasa kunne, ya ce ta maimaita. Ta maimaita da Hausa, da ƙarfi kuma, kamar mai son a gama da ita sau ɗaya.

"Ni na haihe shi. Ranar wata Alhamis, da damina, a ɗakin uwar mijina. Shi na hwara haihwa, shi kaɗai Allah Ya bar min. Ubanai Gidaɗo. Sunanai Abdulrashid."

Sunaye biyu da ba ta taɓa furtawa ba, a numfashi ɗaya. Ban tambaye ta sunan ba ma. Na ce shi ke nan, ya Mai Shari'a, na zauna.

Dupe ta tashi. Na san abin da ke hannunta, shafin nan na shari'ar farko, ta sa masa alama da jan biro, ina hango shi. Aikinta ne ta karanta mata shi ta ce yaushe kika yi ƙarya, da ko yanzu. Ta daɗe tana kallon tsohuwar da ke fuskantar bango. Ta yi tambaya biyu a kan iyakar gona, ta ce ba ta da sauran tambaya.

A waje na same shi a gindin dalbejiya, takalman har yanzu a hannu. Ya ce, "Barista, mi ta ce?" Na ce ta faɗa. Ya ce, "Ƙaƙa ta hwaɗa?" Kafin in amsa aka fito da ita, ya juya baya da sauri ya tafi neman mota.

Ita kuwa da suka wuce ta gabana na ce sannu Inna. Ba ta amsa ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Na tura wa Dupe saƙo, na gode. Ta amsa, "Da mi? Ba ni da tambaya ne kawai." Ta ƙara da cewa Ademola ya yi mata tas.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Mun ci. Gona ta Abdulrashid ce, cinikin Ɗanmusa ya rushe. Dupe ta ce ba za su ɗaukaka ba, Ademola zai bi Ɗanmusa ya karɓo kuɗinsa. Za a bar shi ya girbe abin da ya shuka, ya kwashe injinsa. Na ga ya dace.

Na kira Abdulrashid, ya yi hamdala, ya yi godiya. Amma bai kashe wayar ba. Ya ce wai maganar da Adda ta yi ranar nan, an rubuta ta kamar yadda aka rubuta ta farko? Na ce an rubuta, kalma da kalma. Ya ce babu mai gogewa? Na ce babu. Ya ce to.

Oga ya kawo wani fayil, rigimar burtali a Geza. Na ce ya ajiye.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na karɓo kwafin shafin daga rajistara na kai Kende da kaina. Da ma zan je gida, hanya ce. Kusan hanya ce.

Inna na nan da ranta, ta ɗan murmure, tana zaune a ƙofar bukka tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ba ta ce ɗiyata ba, amma ta sa an kawo min fura.

Abdulrashid ya karɓi takardar da hannu biyu, ya juya ta, ba ya karatun boko. Ya ce in karanta masa da Hausa, yadda ta faɗa, kada in rage komai. Na buɗe, na sa yatsa a kan layin. Tana nan zaune, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba, kanta a sunkuye a kan faifai.

Na ce rana ta yi yawa a nan, ba na ganin rubutun sosai, mu zagaya baya.

Muka zagaya har bayan garke, inda ba za ta ji ba. Can na karanta masa, a hankali. Ya ce in sake, na sake. Ya tsuguna ya rufe fuska da hularsa, ni kuma na tsaya ina kallon shanu har ya gama.

Da gaske rana ta yi yawa a wurin.